Darasi: Ribar da Babu Ciniki a Bayanta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ƴan'uwa Musulmi, a shekarar 2016 gidan talabijin na ABC a Amurka ya nuna wasan kwaikwayo a kan Bernard Madoff, wanda asirinsa ya tonu a 2008. Wannan mutum bai juya dukiyar jama'a ba. Kuɗin sabon shiga yake miƙa wa na farko, ya ce riba ce. An yanke masa shekara 150, ya mutu a kurkuku a 2021.

A 2016 ɗin dai, MMM ta yi wa maƙwabtanmu na Nijeriya alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata, sai ta tsayar da biya a Disamba.

Ku sani, ƙiradi a mazhabar Imamu Malik rabon riba ne, kamar rabi ko sulusi, hasara kuwa tana kan mai dukiya. Wanda ya lamunce maka uwar kuɗi tare da ƙari ƙayyadadde, kuɗin ruwa ya ba ka, kuma haramun ne. Idan daga aljihun ɗan'uwanka ƙarin ya fito, ga zalunci a kai.

Ya kai manomin Tasawa da Mayahi, kafin ka miƙa kuɗin wakenka, tambayi wace haja ake saye, wa zai ɗauki hasara.

Allah shi tsare mu da cin haram, amin.