Yadda Ake Bambance Kalmomin Turanci Masu Nuna Shan Kunu da Jan Jiki

Thamesmead unguwa ce a bakin kogin Thames, kudu maso gabashin Landan, tsakanin ƙananan hukumomin Greenwich da Bexley. An fara gina ta a ƙarshen shekarun 1960, yau kuma 'yan Najeriya suna da yawa a cikinta. Bahaushen da ya saba da doguwar gaisuwa, in maƙwabci ya ɗaga masa kai kawai a tashar jirgin ƙasa ta Abbey Wood, sai ya ce an sha masa kunu. Ranar da zai faɗi haka da Turanci, musamman a wasiƙar ƙorafi ga makarantar yara ko ofishin gidaje, kalma ɗaya tana iya zama babban zargi. Ga matakan zaɓen kalmar.

1. Duba tsawon amsar. In gajera ce, ba sakin fuska, "curtly" ke nan. In da gaggawa da kaushin murya, kamar ana korar ka, "brusquely".

2. Auna nauyin shan kunun. "Coolly" ita ce mafi sauƙi: an amsa maka, amma babu ɗoki. Wani lokaci ma natsuwa take nufi. "Coldly" ta fi ta nauyi: babu fara'a, babu tausayi. "Frostily" ta mai fushin da bai furta ba ce, galibi bayan saɓani. "Icily" ce ƙarshe, tana ɗauke da ƙiyayya ko raini.

3. Lura da inda hankalinsa yake. Wanda ya amsa idonsa na kan taga, tunaninsa ya yi nisa, "distantly" ya amsa. Ba lalle da kai yake ba. Wanda ya gaisa a takure, ladabin dole, "stiffly". Mai ware kansa daga jama'a kuwa an fi cewa "he was aloof", domin "aloofly" ba kasafai ake jin ta ba.

4. Ajiye kalmar bayan aikatau: "She replied coldly."

5. Ƙara hujja. Faɗi abin da ka gani da idonka: bai ɗago kai ba, ya katse ka, ya juya baya.

Taƙaita gaisuwa al'adar mutanen Landan ce, ba wulaƙanci ba. In kana shakka, ɗauki kalma mafi sauƙi, ka kyautata zato. Hakan ya fi adalci, ya kuma fi kare mutuncinka da na maƙwabcinka.