Robar Bol-join: Jan Kunne Ga Masu Tsofaffin Motoci

Duk shekara, da zarar watan Satumba ya kama, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sukan bi tasha-tasha suna jan kunnen direbobi a kan gudu, da lodin da ya wuce kima, da suɗaɗɗun tayoyi. Madalla da wannan aiki. Amma akwai wani haɗari da ido ya saba da shi har ya daina ba mutane mamaki. Za ka ga mota ta durƙusa a tsakiyar titi, tayar gaba ɗaya ta karkace ta shige ƙarƙashin bodi, fasinjoji sun yi cirko-cirko. In ka tambaya, sai a ce maka ƙafa ce ta cire. To, jama'a, ƙafar mota ba ta cirewa haka siddan. Watanni take yi tana kuka, kuma sau da yawa mafarin abin wata 'yar roba ce da za ka iya dunƙulewa a tafin hannunka.

Abin da kanikawa ke kira bol-join wani ƙarfe ne mai kan ƙwallo, yana zaune a cikin gurbi, an cika gurbin da giris. Shi ne ke haɗa hannun ƙasa, wato lowa-am, da ƙarfen da ke riƙe da taya, ya bar tayar ta juya dama da hagu, ta kuma hau ta sauka. A wuyansa aka sanya masa roba, don ta tsare giris a ciki, ta hana ƙura da ruwa shiga.

Ku dubi mai tallar nono. Tun asuba ta wanke ƙwaryarta, ta kaɗa nononta, ta cura fura, ta ɗauko tun daga ruga har cikin gari. Duk wannan wahala, faifai guda ne ke tsare mata ita. Faifan bai kai kuɗin ludayi biyu na nonon ba, amma ranar da ya yage, iska ta watsa rairayi a ciki, duk ƙwaryar ta tashi aiki. Kuma ku lura da kyau: in rairayi ya riga ya shiga, ko ta sayo sabon faifai mai ado ta rufe, mai saye zai ji tsakuwa a haƙorinsa. Mai hankali cikin masu tallar takan duba faifanta tun kafin ta bar gida. Haka robar nan take, haka kuma bol-join yake.

Roba tana tsufa. Zafin rana da na birki suna busar da ita, baƙin man da ke yoyo daga inji yana ruɓar da ita, har ta tsattsage. Motocin Beljiyam da muke sayowa kuwa sun riga sun yi shekaru a ƙasashensu kafin su iso mu, da robobinsu na asali. Daga nan sai hunturu ya cusa ƙura, damina ta biyo da ruwa da laka ta wanke giris, tsatsa ta kama. Sauran giris ɗin da ya cakuɗe da yashi shi ne zai riƙa cin ƙarfe a duk juyin sitiyari, ƙwallon na ramewa, gurbin na faɗi. Wata rana an faɗa rami, sai ƙwallon ya fice. A wasu motoci, irin tsofaffin Honda Accord, nauyin gaban motar ta kan bol-join na ƙasa yake bi, don haka su ne suka fi bukatar a sa musu ido.

Ya kai direba, ka yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ƙafa ta cire a wannan gudu, sitiyari ba shi da sauran amfani, sau da yawa ma bututun man birki yakan tsinke tare da ita. Babu gwaninta a nan. Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo, a kwanar unguwa abin zai same shi. Wani kuwa a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya ne, da mata da yara a baya, ga tirela tana tahowa. Saboda haka ne a Ingila yagaggiyar robar nan kaɗai ta isa ta kayar da mota a gwajin lafiyarta na shekara.

Kada wani ya fake da ƙaddara. Mun yi imani da ita, amma malamanmu sun sha karantar da mu labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure dabbarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Fasinja amana ne. Kai da ka yi wata uku kana jin ƙwas-ƙwas a kan gargada, kana jin ƙiii in ka karya sitiyari, ka ƙara muryar rediyo don kada ka ji, me za ka ce ranar tambaya? Kai ma mai mota da ke karɓar balas kullum yamma, direba ya ce ƙafa tana ƙara ka ce a lallaɓa zuwa bayan salla, kada ka zaci ka kuɓuta. Kanikawa kuma, ku ji tsoron Allah. Wanda ya ga bol-join ya mutu, ya ɗura masa giris ya sa sabuwar roba don ƙarar ta yi shiru, ya karɓi kuɗi, ya yi ha'inci. Wanda ya naɗe wurin da leda da tsumman tif, shi ma haka.

Canjin roba yana da amfani ne kawai in an kama abin da wuri. Ga yadda ake ganewa. A ɗaga mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kuma sa ƙarfe a ɗan bankare ta ana kallon bol-join. In motar mai ɗaukar nauyi a hannun ƙasa ce, a ƙarƙashin hannun ake sa jak, in ba haka ba nauyin zai ɓoye wasan. In akwai wasa ko kaɗan, ko an buɗe an ga tsatsa da laka, babu maganar roba, bol-join ɗin za a canza gaba ɗaya. In kuwa ƙwallon yana juyawa da ɗan tauri, sumul, giris ɗinsa da tsabta, to an ci sa'a.

Aikin kansa ba shi da tsawo. A tsaya a wuri mai tauri, a sa wa tayar baya waigi, a tokare motar da abin tokara na ƙarfe, kada a shiga ƙarƙashinta bisa jak kaɗai ko bulo. A zare fin, a kwance noti, a raba da abin matsewa, kada a buga guduma a kan zaren da noti ke bi. Inda sifirin ke kan hannun ƙasa, a tallafe hannun kafin a raba, don yana iya tsalle ya karya mutum. A goge tsohon giris, a zuba sabo daidai, kada robar ta kumbura har ta fashe. A tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka da tsohuwar robar a hannu don a samo daidai bakinta, a mayar mata da zoben da ke matse ta. Wuyan ƙarfen a bar shi a bushe, a ɗaure noti yadda ya kamata, a sa sabon fin. Ƙusa ko guntun waya ba fin ba ne.

Tunda an riga an cire taya, a duba robar tayrod da ta shaf, su ma ciwonsu ɗaya. A duba ɗaya ɓangaren, don tare suka tsufa. In bol-join aka canza, a kai motar saitin ƙafa, kada taya ta ci gefe guda. Bayan haka, a leƙa robobin nan duk lokacin juyen mai, da ƙarshen damina, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.