Kwamfutata Ta Koma Tafiyar Hawainiya

Tambaya: Malam, tun da na sauya daga Windows 10 zuwa Windows 11 kwamfutata ta yi nauyi. Ina mafita?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. A kwanakin farko sabuwar manhajar tana ta sauke gyare-gyare a ɓoye, don haka ki jona kwamfutar da wuta da intanet, ki bar ta ta gama.

Daga nan ki danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, ki leƙa jerin manhajojin da ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, ki kashe waɗanda ba kya buƙata. Yawanci nan gizo ke saƙa. Akwai kuma jakar Windows.old mai cin wuri sosai. Takan goge kanta bayan kwana 10, amma kada ki riga ta gogewa in kina tunanin komawa tsohon tsarin.

In duk da haka kwamfutar tana jan ƙafa, ki duba RAM. Gigabayit 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 ke karɓa, kuma gaskiya ya yi kaɗan. Ki kai wa mai gyara ya ƙara zuwa 8, ya sa miki SSD, bayan kin kwashe hotunanki da takardunki a filash.