Rubutun da Ke Jikin Taya

Ina zaune a bencin mai faci na bakin titinmu, ina jiran a ƙara wa babur ɗina iska, sai ga wata jar mota sabuwa dal ta tsaya, ko ledar kujerunta ba a gama cirewa ba. Wani saurayi ya fito yana dafe da ƙugu. Ya gaishe da mai facin, ya ce, "Baba, don Allah duba mini tayoyin nan. Motar akwai gudu, amma ko tsakuwa na taka sai na ji ta a gadon bayana."

Tsohon bai ɗauko geji ba tukuna. Tsugunawa ya yi, ya sa tafin hannu ya share ƙurar gefen tayar, ya bi rubutun da yatsa: 235/35 R19. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Yaro, babu abin da ya lalace. Takalmi mai siririn ƙasa aka sa mata, kai kuma kana bi da ita ta kan tsakuwa."

Wannan rubutu da tsohon ya karanta shi ne darasinmu na yau. Yana jikin kowace taya, ta babur ko ta tirela, kuma duk wanda ya iya lambobi zai iya karanta shi.

Motar saurayin Golf ce. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin babu tashar da za ka shiga a Arewa ba ka ga tsofaffin 'yan gidansu suna lodi ba. Kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ne ya fara ƙera ta a 1974, mota mai guntun baya wadda ƙofar but ɗinta take ɗagawa sama tare da gilashin. A 1976 ya fitar da mai zafin cikinsu, wadda ake kira GTI. Ta saurayin nan GTI ce ta ƙarni na takwas, wadda ta fito a 2020. Tana iya kai kilomita 250 a awa ɗaya. Don kada ta riƙa tangaɗi a kwana, an sauke jikinta ƙasa kaɗan, an kuma ƙara wa sifirin ɗinta tauri. Ka tuna cewa a Jamus akwai manyan tituna sumul waɗanda a wasu sassansu babu iyakar gudu. Don irin waɗannan aka yi ta. Tun daga masana'anta, to, ba mota ce mai laushi ba. Abin da ya rage wa mai ita ya zaɓa shi ne taya.

Kamfanin yana fitar da ita da girman taya iri uku. Karanta su a hankali:

225/45 R17
225/40 R18
235/35 R19

Mu ɗauki na farko. Lamba 225 faɗin tayar ne, da milimita. Harafin R yana nufin yadda aka shimfiɗa zaruruwan cikinta, daga baki zuwa baki, salon da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, kuma yau kusan duk ƙananan motoci shi suke amfani da shi. Lamba 17 girman rim ne, wato ƙarfen da ake sa wa tayar, da inci.

Saura ta tsakiya, 45. Ita ce mutane suka fi tsallakewa, kuma ita ce take riƙe da daɗin zama. Tana gaya maka tsayin robar gefe, daga bakin rim zuwa inda taya take taɓa ƙasa. Sai dai ba milimita 45 take nufi ba. Kashi 45 cikin ɗari na faɗin tayar take nufi. Ɗauki alƙalami: 225 sau 45, a raba da 100, ya ba ka 101. Ke nan robar gefen ta kai milimita 101, kusan faɗin tafin hannun babban mutum. Yi na biyun: 225 sau 40, a raba da 100, ya ba ka 90. Na uku, irin na saurayin nan: 235 sau 35, a raba da 100, ya ba ka 82. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai milimita 19, kaurin babban yatsa ke nan.

Wani zai ce, kaurin yatsa ɗaya har wani abu ne? To, a tambayi mace mai ɗaukar tulu. Tulun ɗaya ne, ruwan ɗaya ne, amma idan gammon ya yi siriri wuyanta ne zai faɗa mata kafin ta kai gida. Robar gefen taya da iskar da ke cikinta su ne gammon mota. Duk abin da mota ta taka, su suke fara karɓarsa, su lanƙwashe su shanye, sannan ragowar ta wuce wurin sifirin da shokazoba. Idan robar gajeriya ce, masu ƙera ta sukan ƙara mata tauri, sai ya zama babu inda za ta lanƙwashe sosai. Jijjigar sai ta haura kujera. GTI ta farko, ta 1976, tayarta 175/70 ce a kan rim mai inci 13. Yi lissafin da kanka, za ka samu wajen milimita 122. Rim yana ta girma shekara da shekaru, gammo yana ta sirancewa.

Kada mu zalunci siririyar taya, tana da ranarta. Da yake ba ta lanƙwashewa, da ka murza sitiyari mota take amsawa, kuma a kwana mai kaifi tana zama daram. Ga kuma kyau, wanda in za a faɗi gaskiya shi ne yake sayar da ita ga yawancin samari. Amma idan ta faɗa rami da gudu, bakin ramin yakan matse robar a jikin rim. Zaruruwan ciki su tsinke, gefen tayar ya yi ƙululu kamar ƙurji, wani lokaci rim ɗin ma ya lotse ko ya tsage. Tayar da ta yi ƙululu ba ta facuwa, sai canji, kuma ta inci 19 ta fi ta inci 17 tsada. Ni dai da ni ne zan zaɓa, ina bin titin da damina take cinyewa kowace shekara, da mai inci 17 zan ɗauka ban waiwaya ba. Wanda ransa ya kasa haƙura da kwalliya, ya tsaya a 18.

Akwai sharaɗi biyu ga mai son canjawa. Duba jerin nan uku kuma: duk lokacin da rim ya ƙaru, robar gefe raguwa take yi, don tsayin taya gaba ɗaya ya zauna kusan yadda yake. Idan ka ɗora doguwar roba a kan babban rim don neman laushi, tayar za ta iya gogar jikin mota, agogon gudu kuma ya riƙa yi maka ƙarya. Na biyu, birki yana zaune ne a cikin rim, kuma motoci masu gudu birkinsu babba ne. Rim ɗin da ya yi ƙanƙanta ba zai shiga ba. Girman da littafin motar ya yarda da shi, shi za a bi.

Sai maganar iska, wadda ba ta cin kuɗi. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da take rufuwa a kai, ko bayan murfin tankin mai. Akwai 'yar takarda manne da ke nuna iskar da ta dace da kowane girman taya, da kaya da babu kaya. Wani lokaci ana rubutawa da ma'aunin bar, wani lokaci da psi, wanda gejin masu facinmu ya fi nunawa. Bar 2.5 daidai yake da psi 36. Lambar da ke jikin taya kusa da kalmar MAX ba ita za ka bi ba, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. A auna da safe kafin a yi tafiya mai nisa, domin zafi yana ɗaga geji. Iska ta yi yawa, mota ta riƙa tsalle, tsakiyar taya ta cinye. Amma kada wani ya ce ka sace iska ƙasa da abin da takardar ta ce don ka ji laushi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ɗaukar zafi, kuma a kwaltar watan Afrilu wannan shi ne yake kawo fashewa.

Bayan lambar rim za ka ga wata lamba da harafi, kamar 91W. Lamba 91 tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 615. Harafin kuma iyakar gudunta ne: H kilomita 210, V 240, W 270, Y 300. Kada a sayi wadda ta gaza abin da kamfani ya sa. Nemi kuma inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Idan ka ga 1524, an yi tayar a mako na 15 na shekarar 2024. Roba tana tsufa ko a shago take ajiye, ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. Mai sayen tayar Kwatano ya ƙara duba abu ɗaya: idan da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, don lokacin sanyin Turai aka yi ta. Robarta tana da laushi, amma zafinmu yana cinye ta da wuri.

Da tsohon ya gama bayani ya ɗauko geji, ya sa saurayin ya buɗe ƙofa ya karanto masa takardar. Duk tayoyin huɗu sun haura abin da aka rubuta da psi shida. Ya danna bakin bawul da ƙusa, ya rage, ya sake aunawa, har suka daidaita. Ya ce, "Je ka gwada. Wannan zai rage maka. Sauran kuwa sai ranar da ka gaji da kwalliya ka zo mu yi maganar rim."

Kafin darasi na gaba, kowa ya sami mota ɗaya a unguwarsu, ya nemi izinin mai ita, ya kwafo rubutun gefen tayarta a littafinsa. A lissafo tsayin robar gefen da milimita, a kuma rubuto mako da shekarar da aka yi ta.