FATAUCIN MUTANE: ALKAWARIN DA ƘASASHENMU SUKA ƊAUKA DA ABIN DA KE KANMU A JIBIYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, duk wanda ya san Jibiya ya san daga Magama zuwa Ɗan Isa ba wata tafiya ba ce, daga nan kuma sai Maraɗi. Hanya ce ta arziki, ta hatsi da dabbobi da zumunci da auratayya. Amma ita ɗin ce kuma ake bi da 'ya'yan mutane zuwa Agadas, daga can a keta sahara da su zuwa Libiya ko Aljeriya. Na sha jin ana cewa yarjejeniyar hana fataucin mutane dokar Turawa ce, ina ruwan Musulmi da ita? Wannan maganar nake so mu auna a darasinmu na yau.

NA FARKO: MECE CE YARJEJENIYAR?

A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana fataucin mutane, musamman mata da yara. A birnin Palermo na Italiya aka fara sa mata hannu, shi ya sa ake kiranta da sunan garin. Ta fara aiki a watan Disamba na 2003. Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2001, Nijar a 2004, kuma yau ƙasashe sama da 170 ne a ciki. Saboda wannan alkawarin ne Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta sake ƙarfafa dokarta a 2015. Nijar ta yi tata dokar a 2010.

Abu uku ne idan suka haɗu yarjejeniyar take cewa an yi fatauci. Na ɗaya aiki: a ɗauko mutum, ko a yi jigilarsa, ko a ɓoye shi, ko a karɓe shi. Na biyu hanya: ƙarfi, ko barazana, ko yaudara, ko amfani da halin ƙuncin da yake ciki, ko biyan wanda ke da iko da shi. Na uku manufa: a ci da guminsa ta aikin dole, ko karuwanci, ko bauta, ko cire masa wata gaɓa.

To ku lura da wurare biyu. Idan an yi yaudara ko tilas, cewar da mutum ya yi "na yarda" ba ta wanke dillali. Idan kuma yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a ma neman hujjar yaudara. Ɗauko shi don a ci da guminsa ya wadatar.

Sannan kada mu cakuɗa wannan da tsallakar da 'yan ci-rani, wato mutum ya biya direba da kansa a kai shi wata ƙasa ta ɓarauniyar hanya. Wancan yarjejeniyarsa daban. Dokar da gwamnatin soja ta Nijar ta soke a watan Nuwamba na 2023 ita ce ta 2015 wadda ta shafi jigilar 'yan ci-rani. Sayar da mutum yana nan a matsayinsa na laifi a ƙasashen biyu. Sai dai sau da yawa tafiyar da ta fara da kuɗin mota takan ƙare a gidan da ake kulle mutum, ana bugo wa iyayensa waya su turo kuɗi.

NA BIYU: ME SHARI'A TA CE?

Shari'a ta riga Palermo da ƙarni goma sha huɗu. A cikin Sahihul Bukhari akwai hadisin ƙudusi da Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunanSa ya ci amana, da wanda ya sayar da ɗa ya cinye kuɗin, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Ku duba da kyau, dillalin mutane yakan haɗa ukun nan duka a ciniki ɗaya. Ya rantse wa iyaye, ya karɓi kuɗi a kan yarinya, ya kuma riƙe albashinta. Suratun Nur, aya ta 33, ta hana tilasta wa kuyangi fasiƙanci don neman abin duniya. Idan baiwa ke nan, ina ga 'ya mai 'yanci?

Malamanmu ma ba su yi shiru ba. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayar mutanen Tuwat a kan bayin da ake kai musu daga ƙasashen baƙar fata, ya lissafa Katsina da Kano da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Yau shekara ɗari huɗu, sahara ɗin dai ita ce, jikokinsu ake bi da su.

Batun haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba kuwa, mu tuna Hilful Fudul. Ƙuraishawa sun taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin annabci, suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka. Manzon Allah (SAW) ya halarta yana matashi, bayan Musulunci kuma ya yabi wannan alkawari, ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe. Don haka a fahimtata, idan shugabanni sun ƙulla alkawarin hana zalunci wanda bai saɓa wa nassi ba, taimaka musu a kansa aikin lada ne.

NA UKU: SA HANNU KAƊAI YA ISA?

Bai isa ba. Libiya tana cikin yarjejeniyar, amma a 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka a can. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a saharar arewacin Nijar kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da yara ne daga yankin Kance. Hausawa ne 'yan uwanmu, jama'a.

Amma kuma takardar ba ta banza ba ce. Hadijatu Mani 'yar Nijar an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, da sunan wahaya. A 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Alkawuran hana bauta da ƙasar ta sa wa hannu su aka kafa mata hujja da su.

NA HUƊU: ABIN DA KE KANMU

Jami'in da ke bakin shinge a Magama ba ya ganin duk hanyoyin daji. Mu ne muke ganinsu.

Kai uba, ke uwa: wanda ya ce zai kai 'yarku aikatau Libiya ko Saudiyya, "ba sai kun biya ko sisi ba, ta biya in ta fara aiki", ku sani wannan bashin shi ne igiyar. Ku tambayi sunan gidan da adireshi, da nawa ne albashin, da hannun wa zai shiga, da wa zai riƙe fasfo. In ya fara kame-kame, ku rufe ƙofa. Haka dillaliyar da ke kwasar yara mata daga ƙauye zuwa birni tana karɓe kuɗinsu duk wata.

Kai direba da ɗan acaɓa: in aka ba ka yara ko 'yan mata da ba su san inda za su ba, aka ce ka kauce wa shinge, aka ninka maka kuɗi, ka san abin da ka ɗauko. Jigila tana cikin laifin, a doka da a wurin Allah.

Mu malamai da limamai da masu unguwanni: mu faɗa a mumbari, mu kai rahoto ga NAPTIP ko jami'an shige da fice ko hakimi. Waɗanda suka dawo kuma kada a yi musu gori. Yarinyar da aka yaudara abar tausayi ce. Annabi Yusuf ma an sayar da shi da 'yan dirhamomi kaɗan, laifin yana kan waɗanda suka sayar.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya ba Jibiya da Maraɗi da sauran garuruwanmu zaman lafiya. Wallahu a'alam.