Yadda Sabon Ɗan Kabu-kabu Zai Koyi Hango Haɗari

Saurayin unguwar Kara-Kara da ya karɓi babur jiya ya fi tsohon hannu kaifin ido, amma shi ya fi faɗuwa. Tsohon hannu ba ya jiran haɗari ya bayyana, alamarsa yake karantawa tun daga nesa. Ana koyon wannan, shi ya sa tun 2002 Birtaniya ta sa shi cikin jarrabawar tuƙi.

Da farko, ɗauke idonka daga tayar gaba. Kai shi can inda za ka isa nan da ɗan lokaci, ka riƙa juya shi dama da hagu da madubi.

Na biyu, kafin ka fara ɗaukar fasinja, hau bayan wani yayanka da ya daɗe a sana'ar. Duk inda ya sassauta alhali kai ba ka ga komai ba, tambaye shi me ya gani. Kar ka ji kunya, ƙanena, nan karatun yake.

Sai ka haddace alamomin gari. Ranar Alhamis a bakin kasuwar Dole, in ka tarar da mota tsaye, leƙa ƙarƙashinta: ƙafafun yaro za ka fara gani kafin kansa ya ɓullo. Akuya in ta tsallaka, 'ya'yanta na tafe. Amalanke ba ta da sigina, don haka hannun mai kora da kan jakin za ka duba. Da damina ruwa kan shimfiɗa yashi a kan kwalta, musamman a kwana. Rage gudu kafin ka shiga, domin birkin gaba a cikin yashi kayar da kai zai yi. Da dare kuwa, fitila ɗaya da ke tunkaro ka tana iya zama mota ce mai mataccen ido guda, ba ta hanya.

A hanyar Tanut, inda tankokin matatar mai ta SORAZ ke zirga-zirga, in ba ka hango madubin direba ba, shi ma bai gan ka ba. Ja baya.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne bayan 'yan watanni, sa'ad da hannu ya faɗa amma ido bai nuna ba. A nan ne fasinja zai ce ka ƙara wuta, waya ta yi ƙara a aljihu. Ka bar wayar sai ka tsaya, shi kuma ka ce masa ya yi haƙuri.