Yana zaune yana hira, CRP ɗinsa 190

A Disamban 2020, lokacin da korona ta sake tasowa a Nijar, aka kawo mana asibiti wani dattijo ɗan kasuwa daga wani ƙauye na Dungass. Yana da ciwon suga. Kwana tara ya yi yana fama da zazzaɓi da tari, kuma tun ranar farko wani mai tallar magani a kan babur yake ɗirka masa allurar kinin, yana ba shi dezametazon ba lissafi. Ko tambayar suga bai yi ba.

Ni na ɗebi jininsa. CRP, awon kumburin jiki, ta kai 190, limfosit, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, sun zube, suga ya haura giram 4, babu maleriya. Iskar jininsa 84, amma ga shi zaune yana gaisawa da jama'a, har yana tambayar kuɗin riɗi a kasuwar Magarya. Likita ya ce a sa masa iska a wuce da shi Damagaram. Sai babban ɗansa ya same ni ya ce, "Malam, Baba fa ya ci tuwo jiya. Takarda ce za ta fi mu saninsa?" Na ce, "Alhaji, don Allah ku bar shi ya kwana kan iska." Da dare suka sulale da shi. Bayan kwana biyu aka kawo mana labarin rasuwarsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Har yau abin yana ci mini rai, domin jinin ya riga ya faɗa. Tun Maris 2020 likitocin Wuhan suka ba da rahoton masu korona 191 da suka duba, 54 suka mutu, kuma waɗanda D-dimer ɗinsu, awon gudajin jini, ya wuce 1 su ne mutuwa ta fi ɗauka. Haka CRP da feritin: in suka yi sama, limfosit kuma suka yi ƙasa, kumburi ya ci jiki, ko da fuska tana murmushi. CRP kaɗai ba ta faɗin sunan cuta, maleriya ma tana ɗaga ta, shi ya sa likita ke karanta takarda, ba mai shago ba.

Dezametazon kuwa, binciken RECOVERY na Ingila a Yunin 2020 ya nuna tana rage mutuwa ga wanda ke kan iska, miligiram 6 a rana har kwana 10. Wanda bai kai ga buƙatar iska ba, ba ta amfane shi ba. Mai suga kuma ta hautsina masa sugan. Ku daina sayen ta a tire! Ku daina!

Cin tuwo ba shaidar lafiya ba ne. Hira ma haka. Ku riƙa zuwa da kwalin duk abin da aka sha a gida. In likita ya duba awo ya ce a kwanta, a kwanta. In ya ce Damagaram, ku nemi mota a ranar.